Yadda za ka lissafa yoyon amfilin bakteriya mai gano arsenik a ruwan rijiya

Ni malamin lissafi ne a wani lise da ke Yamai, a Harobanda nake zaune, amma haifaffen Adar ne ni, daga wani gari kusa da Keita. Abin da ya ja ni cikin wannan aiki shi ne ruwa. Duk wanda ya san labarin yaran Tibiri ta Maraɗi, waɗanda sinadarin filiwor da ke cikin ruwan foraj ya lanƙwasa wa ƙashi, ya san cewa ruwa garau ba shi ne ruwa mai lafiya ba. Arsenik ma haka yake, ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. An same shi a rijiyoyin Yatenga ta Burkina Faso, maƙwabtanmu, kuma yakan bi duwatsun da zinariya ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a mikrogram 10 cikin lita ɗaya.

Wata ƙanwata da ke karatu a waje tana aiki a labo kan bakteriyar E. coli da aka yi wa gyara don ta riƙa haske idan ta haɗu da arsenik. Ita ke da tubi da na'ura, ni kuwa tsohuwar kwamfuta da Python. Abin da na koya cikin taya ta lissafi shi nake so in ba ka, ƙanena mai karatu a Fakultin Kimiyya ta Jami'ar Abdou Moumouni ko a Jami'ar Tawa, domin aiki ne da ba ya bukatar komai sai kai da kwamfuta da haƙuri.

Fara da fahimtar abin da ke cikin ƙwayar. E. coli tana da wani furotin da ake kira ArsR, ni mai gadi nake ce masa. Yana zaune a bakin ƙofar wani jan (gène, sashen ADN mai ɗauke da umarnin ƙera furotin), wato wurin da ake fara kwafe ADN, yana hana a shiga. Idan arsenit, wani nau'in arsenik mai narkewa a ruwa, ya shigo ya maƙale masa, sai ya saki ƙofar, a fara kwafe ARN manzo, manzon ya je a ƙera furotin da shi. Masu gyara sukan sa GFP a bayan ƙofar, furotin ɗin nan mai koren haske da aka samo daga wata halittar teku, wanda ya sa aka ba Shimomura da Chalfie da Tsien kyautar Nobel a 2008. Matsalar ita ce a mikrogram 10 hasken ba shi da ƙarfi. Sai aka sa amfili a tsakani, kamar yadda ladan ke haɗa makirfo da amfili kafin lasifika. Ƙofar ArsR ba ta kunna GFP kai tsaye, tana ƙera wani furotin mai tada wata ƙofa mai ƙarfi, ita ce ke kunna GFP. Masu bincike a Jami'ar Edinbara sun wallafa irin wannan a 2019, da furotin HrpR da HrpS da suka aro daga bakteriyar Pseudomonas syringae, har suka jera amfili bisa amfili.

To amma wanda ya taɓa zama kusa da lasifikar masallaci ya san amfili ba ya zaɓe. Yana ɗaga muryar ladan, yana ɗaga shuuu ɗin waya. Mai gadi yakan ɗan gusa ko da babu arsenik, manzo ɗaya ya sulale. Wannan yoyo shi ne abin da za mu auna.

Lissafina na farko da ekwasiyon diferansiyal na yi shi, irin wanda aka koya mana, ya nuna mini cewa a ruwa mai tsabta ƙofar GFP za ta buɗe kashi 1 cikin 100 da ɗan ɗoriya. Na aika mata. Bayan kwanaki ta kira ni a WhatsApp ta ce, "Yaya, tubin da ba komai a ciki ma yana kore, kuma ya fi abin da ka faɗa nesa ba kusa ba." Ekwasiyon ɗin daidai suke. Kuskuren yana cikin zaton da na yi cewa kowace ƙwaya tana riƙe da matsakaicin adadi.

Dubi girman abin. Cikin E. coli bai wuce kusan femtolita ɗaya ba, saboda haka ƙwayar molekil ɗaya tak a cikinta daidai take da nanomola 1.7 ko kusa. Nauyin arsenik giram 74.9 ne a mol, mikrogram 10 a lita kuwa ya zama kusan nanomola 133, wato atom kamar 80 a ruwa mai girman ƙwaya ɗaya. Manzo ya fi haka ƙaranci, sau da yawa sifiri ne ko ɗaya ko biyu. Idan ekwasiyon ya ce akwai manzo 0.1, babu ƙwayar da ke da haka. Tara ba su da ko ɗaya, ta goma tana da guda.

Ga yadda za ka gina shi. Kada ka fara da dukan da'irar. Ɗauki hawa ɗaya, ƙofar ArsR da furotin amfili, babu arsenik, ka rubuta abubuwa huɗu da za su iya faruwa. A ƙera manzo. Manzo ya lalace. Manzo ya ba da furotin. Furotin ya ragu. Kowane yana da saurinsa. Lambobin da zan ba ka na gwaji ne, ni na zaɓe su don su yi kusa da yadda E. coli take, ba awon labo ba ne: ƙera manzo 0.02 a minti, lalacewar kowane manzo 0.2 a minti tunda manzon E. coli mintuna kaɗan yake rayuwa, kowane manzo yana ba da furotin 4 a minti, kowane furotin yana raguwa da 0.02 a minti. Na ƙarshen nan yawanci ba ruɓewa ba ce, rabuwar ƙwaya gida biyu ce ke tsinka shi, kuma 0.02 ya yi daidai da rabuwa kowane minti 35.

Kafin ka rubuta layi ɗaya na program, yi lissafin hannu. Matsakaicin manzo 0.02 raba 0.2, ya ba da 0.1. Matsakaicin furotin 0.1 sau 4 raba 0.02, ya ba da 20. Rubuta 20 ɗin nan a takarda ka ajiye.

Yanzu hanyar Gillespie. Daniel Gillespie, masanin fizik ɗan Amurka, ya fito da ita a 1976 da 1977, kuma tambaya biyu kawai take yi a kowane zagaye: yaushe abu na gaba zai faru, kuma wanne ne. A ce m shi ne adadin manzo, p adadin furotin. Ka lissafa nauyin kowane lamari: a1 = 0.02, a2 = 0.2 × m, a3 = 4 × m, a4 = 0.02 × p. Ka tara su ka kira jimlar a0. Sai ka jefa ƙuri'a biyu, r1 da r2, kowace tsakanin 0 da 1. Lokacin jira shi ne logaritim na 1/r1 raba a0. Don zaɓen lamarin, ka ɗauka kamar igiya ce mai tsawon a0 da aka yanka gida huɗu gwargwadon nauyin kowane, r2 × a0 ya nuna maka wurin da yatsa ya faɗa. Ka ƙara ko ka rage ɗaya a m ko p, ka tura agogo gaba, ka sake.

Ina roƙon ka ka yi zagaye goma da biro kafin kwamfuta, domin a nan ne abin ke shiga kai. Fara da m = 0, p = 20. a1 0.02 ne, a2 da a3 sifiri, a4 0.4, jimla 0.42. Idan r1 ya zo 0.5, jira ya zama 0.693 raba 0.42, minti 1.65. Kuma sau 95 cikin 100 abin da zai faru shi ne furotin ɗaya ya tafi. Haka za ka yi ta gani, p na sauka, 19, 18, 17, shiru. Sai ƙuri'a ta faɗa kan a1, m ya zama 1. Nan take a0 ya haura 4 da rabi, jira ya koma kamar sakan 13, kuma kusan kowane zagaye sabon furotin ne. Kafin manzon ya mutu ya zubar da furotin 20 a matsakaici, wani lokaci 3, wani lokaci 60.

Ni da albasar Galmi nake kwatanta shi ga ɗalibaina. Wani ɗan kasuwa mota ke kawo masa buhu 20 sau ɗaya kowane minti 50, kuma ba a san sa'ar zuwanta ba. Wani kuma amalanken jaki ke kawo masa buhu 2 kowane minti 5. A ƙarshen wata lissafinsu ɗaya ne. Amma leƙa rumfar na farko, yau fanko, gobe ba wurin sa ƙafa. Ƙofarmu mai yoyo irin ta mai mota ce.

Idan program ya fara tafiya, akwai tarko biyu da na faɗa ciki. Na farko, kada ka ɗauki matsakaici bisa yawan zagaye. Lokacin da manzo ke raye zagaye na gudu da yawa cikin ɗan lokaci, sai lissafinka ya rinjaya can. Ka riƙa ɗaukar p a lokuta tsayayyu, misali kowane minti 10 na agogon ƙwayar. Na biyu, zubar da farkon tafiyar. Furotin yana ɗaukar minti 50 a matsakaici kafin ya tafi, saboda haka bar aƙalla minti 250 su wuce kafin ka fara ƙirga. Sa iri tsayayye ga injin ƙuri'a don ka iya maimaita sakamako, kuma ka sa program ya riƙa adana abin da ya samu bayan kowace ƙwaya 100. A watan Afrilu da Mayu, in wuta ta ɗauke batirin tsohuwar kwamfuta ba ya kai ka ko'ina, na rasa aikin dare guda kafin in koyi wannan.

Sai gwajin gaskiya. Gudanar da ƙwaya 1000. Matsakaicin p ya zo kusa da 20 ɗin da ka ajiye. Sannan raba bariyans da matsakaici, abin da ake kira ma'aunin Fano. Ga manzo ya kamata ya ba da 1, domin rabon Poisson yake bi. Ga furotin akwai amsa sananniya, 1 a tara da 4 raba (0.2 + 0.02), wato kusan 19.2. Idan ba ka samu waɗannan ba, akwai kuskure a program ɗinka, kada ka matsa gaba. Idan ka samu, ekar-tip ɗinka, wato rasin karen bariyans, zai zo wajen 19.6, kusan daidai da matsakaicin kansa. Zana histogram ka gani, yawancin ƙwayoyi sun taru kusa da sifiri, ga kuma doguwar wutsiya ta miƙe dama.

Wutsiyar nan ita ce dukan maganar, a nan zan daɗe.

Haɗa hawa na biyu. Saurin ƙera manzon GFP ya dogara da p ta hanyar ekwasiyon Hill: p^n raba (p^n + K^n), sau iyakar saurin ƙofar. K shi ne adadin furotin da ke buɗe ƙofa rabi, n kuma kaifin buɗewar. Mu ɗauki K = 60, n = 4. Kada 4 ya ba ka mamaki, idan ka jera amfili biyu kowane mai n = 2, a ƙasan zango tamkar 4 suke aiki. Lissafin matsakaici zai ce p = 20, kashi ɗaya bisa uku na K ke nan, saboda haka ƙofa ta buɗe 1 bisa 82, kashi 1.2 cikin 100. Wannan shi ne abin da na aika wa ƙanwata.

Yanzu dubi ƙwayoyinka 1000. Kusan ɗaya cikin 20 tana da furotin sama da 60 a duk lokacin da ka leƙa. Waɗannan ƙofarsu ta wuce rabi a buɗe, alhali ko ɗigon arsenik babu. Waɗanda ke ƙasa da 20 kuwa ba su da abin da za su rage, domin ƙofa ba ta rufuwa ƙasa da sifiri. Idan ka lissafa buɗewar kowace ƙwaya sannan ka ɗauki matsakaici, za ka samu wajen kashi 7 cikin 100, kusan ninki 6 na abin da ekwasiyon ya faɗa.

Wani abokin aikina, malamin fizik, ya taɓa ce mini a wajen shayi, "Malam, tubi ɗaya miliyoyin ƙwayoyi ne, ai hayaniyar za ta shanye kanta." Gaskiyarsa rabi ce. Yawan ƙwayoyi yana sa awon tubi ya tsaya cak, ba ya rawa. Amma yana tsayawa ne a kan kashi 7, ba a kan 1.2 ba. Yawa ba ya mayar da matsakaicin lanƙwasasshen aiki ya zama aikin matsakaici. Kuma idan da'irar tana da madauki mai ƙarfafa kansa, ko makulli mai juya ADN sau ɗaya ba komawa, to ƙwayar da ta tsallake sau ɗaya ta kunnu ke nan har ƴaƴanta, koren yana ta taruwa da lokaci.

Daga nan sai ka gwada magani a kwamfuta kafin kowa ya kashe kuɗi a labo. Wanda na fi so shi ne mayar da mai mota mai amalanke. Ka ninka ƙera manzo sau 10 ya zama 0.2, ka rage abin da kowane manzo ke bayarwa sau 10 ya zama 0.4 a minti. A labo ana yin haka da ƙofa mai ƙarfi da kuma raunana wurin da ribozom, injin da ke fassara manzo ya zama furotin, ke kama shi. Matsakaici yana nan 20, amma Fano ya faɗo 2.8, ekar-tip 7.5, da wuya ka ga ƙwayar da ta kai 60, yoyon GFP ya sauko wajen kashi 2. An nuna wannan bambanci a gwaji tun 2002 da bakteriyar Bacillus subtilis, cewa ƙarfin fassara manzo ne ke ƙara hayaniya fiye da ƙarfin kwafe shi. Akwai wasu hanyoyin, ƙara wa ArsR wurin zama na biyu a bayan ƙofa, ko liƙa wa furotin alamar ssrA don a riƙa rushe shi da wuri. Kowace tana da kuɗinta, ta ƙarshen tana rage hasken gaskiya tare da na ƙarya, kuma model ɗinka ne zai nuna maka wanne ya fi raguwa.

Sai yanzu ka shigo da arsenik. Hanya mai sauƙi ita ce ka bar saurin ƙera manzo ya zama yoyo a tara da wani sashe mai hawa da yawan arsenik. Hanya mai zurfi ita ce ka ba ƙofar hali biyu, a tsare ko a sake, ka sa kamawa da sakin ArsR cikin jerin lamura. Idan ka bi ta biyu, tuna cewa saurin haɗuwar abu biyu da ke cikin littattafai na ma'aunin mola ne, sai ka raba shi da lambar Avogadro sau girman ƙwaya kafin ya shiga Gillespie. Tuna kuma da adadin kofen plasmid, ƙaramin zoben ADN da ke ɗauke da da'irar: pSC101 kamar 5 ne a ƙwaya, p15A goma da wani abu, pUC ɗaruruwa, kuma kowane kofe ƙofa ce mai yoyonta. Abin da ke cikin ƙwaya ma ba lalle ya zama daidai da na ruwa ba, arsenit yana shiga ta mashigar GlpF, famfon ArsB yana fitar da shi.

Gudanar da mikrogram 0, 1, 2, 5, 10, 20 da 50, kowane da ƙwaya 1000. Nan kwamfuta za ta fara nishi, domin GFP dubbai ne kuma Gillespie yana ƙirga kowane ɗaya. Ka bar hawa na farko da Gillespie cikakke, na GFP ka yi masa tsallen tau, dabarar da Gillespie ɗin ya kawo a 2001, inda ake tara lamura da yawa cikin taki ɗaya da ƙuri'ar Poisson. COPASI da GillesPy2 kyauta ne kuma suna da su duka, amma ka rubuta naka tukuna.

Abu biyu za su rage da model ɗin bai sani ba sai ka gaya masa. Ɗaya, ƙwayoyi ba su da ribozom daidai da juna. Elowitz da abokansa sun raba wannan da hayaniyar cikin jan a 2002, da furotin masu haske kala biyu a ƙwaya ɗaya. Don ka kwaikwayi haka, ba kowace ƙwaya nata saurin fassara daga rabon log-normal a farkon tafiya, za ka ga wutsiya ta ƙara tsawo. Na biyun shi ne ya fi damuna a matsayina na ɗan ƙasar nan. Yawancin lambobin labo a digiri 37 ake ɗaukar su, cikin abinci mai kyau. Ruwan rijiya ba abinci a ciki, kuma zafin ɗaki a Tawa a watan Mayu daban yake da na safiyar hunturu. Idan ƙwaya ta rage saurin rabuwa zuwa minti 70, raguwar furotin ta koma 0.01. In ƙerawa ba ta canza ba, matsakaici ya zama 40, kuma ko lissafin matsakaici kaɗai ya ba da buɗewar kashi 16 da rabi a ruwa mai tsabta. Gwada 0.01, 0.02 da 0.03 a kowane zango. Na'urar da ke cewa akwai guba a rijiyar da babu ba ƙaramar cuta ba ce, mata ne za su ƙara tafiyar kilomita da jarka a ka, ko a koma ruwan tabki.

Ita kanta bakteriyar ba a zuba ta a rijiya. Ruwan ake ɗebowa a kai mata cikin tubi rufaffe, a kashe ta bayan awo.

Abin da za ka aika wa mai labo ba layi ɗaya mai santsi ba ne. Aika histogram na GFP a mikrogram 0 da na 10 a kan zane ɗaya, don a ga inda suka hau juna. Aika iyakar ganowa, wato mafi ƙarancin arsenik da haskensa ya wuce matsakaicin ruwa mai tsabta da ekar-tip uku, kuma ekar-tip ɗin na tubi da tubi ne idan da tubi za a yi awo. Sannan ka roƙi abu ɗaya, awon sitometri, wato awon hasken kowace ƙwaya da na'ura, na ƙwayoyin da ba a ba arsenik ba, ƙwaya ɗaya-ɗaya. Daga matsakaici da bariyans ɗinsa za ka ƙiyasta sau nawa mota ke zuwa da buhu nawa take saukewa, ka cire lambobina na gwaji ka sa nasu. Da ƙanwata ta turo nata, sai da na ninka girman zubin a model ɗina kafin wutsiyoyin biyu su zo kusa, yanzu tana ƙera sabon plasmid mai raunanan wurin ribozom.